Tarihin Charles Darwin, Mai Binciken Motsin Tsire-tsire

Duk wanda ya tashi a ƙasar Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, ya san in hadari ya zo da iska ya kwantar da dawa, bayan 'yan kwanaki sai a ga karan ya tanƙwara daga gaɓa ya ɗaga kai sama, ba wanda ya taɓa shi. Ya kuma san ganyen tsamiya da na gyaɗa su kan rufe in rana ta faɗi, su buɗe da safe. Mun saba ganin waɗannan abubuwa har mun daina mamakinsu. To, ga labarin wani Bature wanda ya yi ta mamakinsu har tsufansa, shi ne kuwa ya buɗe wa masana ƙofar gane yadda wani sashe na tsiro ya ke aika wa wani sashe saƙo.

An haifi Charles Darwin ran 12 ga watan Fabrairu, 1809, a garin Shrewsbury cikin ƙasar Ingila. Ubansa likita ne mai wadata, uwarsa kuwa ta rasu yana ɗan shekara takwas. A makaranta ba a lissafa shi cikin masu ƙoƙari ba, domin hankalinsa yana wajen tara ƙwari da duwatsu da harbin tsuntsaye. Cikin 1825 uban ya aika da shi Edinbara ya koyi likitanci. A zamanin nan kuwa ana yi wa mutum aiki da wuƙa ba maganin sa barci, da ya ga an yi wa wani yaro haka sai ya fita, zuciyarsa ba ta ɗauka ba. Daga nan aka mai da shi Kambirij cikin 1828, wai ya zama limamin Kirista. A can ya gamu da Henslow, malamin ilmin tsire-tsire, wanda ya riƙa fita da shi yawo cikin saura yana nuna masa yadda a ke duban ganye da fure. Mu masu koyon malanta ya kamata mu lura da wannan: yaron da gida da makaranta suka fid da rai gare shi, malami guda ne ya gane inda baiwarsa ta ke.

Henslow ɗin nan ne ya sama masa wuri cikin wani jirgin ruwa na gwamnati mai suna Beagle, wanda ya tashi ran 27 ga Disamba, 1831, ya yada zango a tsibiran Kef Bade, yamma da gaɓar Afirka, ya zaga Amurka ta Kudu, bai komo Ingila ba sai Oktoba, 1836. Bayan komowarsa Darwin ya yi aure cikin 1839, ya ƙaura zuwa wani ƙauye wai shi Down cikin 1842, nan ya zauna har mutuwarsa. Ya haifi 'ya'ya goma, uku suka rasu da ƙuruciya, shi kansa kuma ciwon ciki bai rabu da shi ba. Littafinsa na 1859 a kan asalin jinsunan halitta ya ta da babbar gardama tsakanin malaman addini da masana, amma ba shi ne abin da mu ke nufi a nan ba.

Cikin 1863 ya fara lura da tsire-tsire masu yaɗo, bayan wani abokinsa na Amurka, Asa Gray, ya aiko masa da irin wani tsiro dangin duma. Ya ajiye tukunyar a ɗakinsa, ya ga kan tsiron yana kewayawa sannu sannu kamar makaho mai lalube da sanda, har ɗan zarensa ya taɓa abin kamawa, sa'an nan ya nannaɗe shi. Da motsin ya yi ƙanƙanta ga ido, sai shi da ɗansa Francis suka yi dabara. Su kan manna siririn gilashi a jikin ganye, su ɗiga ɗan kaki baƙi a bakinsa, su sa faifan gilashi a gaba, su riƙa ɗiga alama inda kakin ya kai, dare da rana. Da aka haɗa ɗige-ɗigen sai ga hanyar da ganyen ya bi. Gyaɗarmu ma ba su bar ta ba. Sun tokare ganyenta don kada ya rufe, suka bar shi waje cikin dare mai tsananin sanyi, suka ga wanda aka hana rufewa ya fi lalacewa.

Babban gwajinsu ga shi. In hatsi ya tsiro, akwai wani tsini kamar kube da ya kan fara huda ƙasa. In haske yana zuwa ta gefe guda, tsinin ya kan karkata wajensa, amma tanƙwarar ba a kai ta ke ba, can ƙasa kaɗan ta ke. Suka shuka irin wata ciyawa, suka sa wa kan waɗansu 'yan huluna da haske ba ya ratsawa, sai waɗannan suka tsaya sak. Waɗansu kuma suka rufe jikinsu da baƙin yashi suka bar kan a waje, sai suka tanƙwara. Darwin ya ce ashe kai ne ke jin haske, sa'an nan ya aika da wani abu ƙasa wanda ke sa jiki ya karkata. Haka kuma suka ga in an yanke bakin saiwar wake aka kwantar da ita, ba ta juyawa ƙasa sai wani bakin ya fito. Suka buga wannan cikin littafi a 1880, Darwin yana da shekara 71.

Ba kowa ya yarda ba. Julius Sachs, Bajamushe, wanda shi ne gaba cikin wannan ilmi a lokacin, ya raina aikin, yana ganin gwajin da aka yi a gidan ƙauye ba shi da tabbas. Darwin ya rasu ran 19 ga Afrilu, 1882, aka binne shi a Westminster cikin Landan, bai ga abin da ya yi zato da idonsa ba.

Amma gaskiya ba ta ɓata. Wajen 1913 Boysen-Jensen, mutumin Danmak, ya nuna saƙon yana ratsa abu mai danshi kamar daskararren ƙaro, ba ya ratsa ɓawon dutse. Cikin 1926 wani saurayi ɗan Holan, Frits Went, tsaranmu a shekaru, ya yanke kawunan tsiro ya ɗora su bisa irin daskararren abin nan, sa'an nan ya ɗauki guntunsa ya ɗora a gefe guda na tsiron da ba shi da kai, cikin duhu. Sai gefen nan ya fi tsawo, tsiron ya karkata. An kama saƙon ke nan, aka sa masa suna oksin. Shi ne ya kan taru a gefen inuwa, gefen ya miƙe, kai ya juya wajen haske. Shi ne kuma ya kan taru a ƙarƙashin gaɓar dawar da ta kwanta har ta tashi. Kan tsiro yana saukar da shi ya hana idanun gefe tohowa, shi ya sa in an sare kan zogale ya kan yi rassa.

Daga baya aka sami 'yan'uwansa. Akwai jibarelin, wanda Kurosawa, mutumin Japan, ya bi sawunsa cikin 1926 a jikin shinkafa mai ciwon tsawo. Akwai etilin, wata iska da mangwaro nunanne ke fitarwa ta nunar da ɗanyu in an rufe su tare. Su biyun nan ne ke sa shinkafar fadama ta yi ta ƙara tsawo in ruwa ya hau kanta. Har maganin ciyawan da a ke fesawa a gonakin shinkafa, irin na ƙarƙashin madatsar Bakolori da aka gama cikin 1978, akwai wanda oksin ne na ƙira, ya kan sa ciyawa mai faɗin ganye ta yi girman hauka ta mutu, ya bar shinkafa.

'Yan'uwana, gobe za a ba mu aji a ƙauye, ba kayan gwaji. Kada wannan ya karya mana zuciya. Gwangwani biyu, da tsabar dawa, da 'yar takarda mai ƙyalli ta yin hula, da taga guda, sun isa yara su ga abin da Darwin ya gani. Gani ya kori ji, yaron da ya gani da idonsa kuwa ba zai ƙara wuce gonar ubansa ido rufe ba.