Marigayi Umaru Ganda: Ɗan dakon da ya fara ciyo wa Nijar kambun fim na Afirka

A yau duk rumfar da mutum ya leƙa a kasuwar Matamaye sai ya tarar da talabijin ko wayar hannu tana nuna fim ɗin Kano, mai awo na kallo, mai koko na kallo. Da yawanmu mun ɗauka daga Kano aka fara wannan sana'a, alhali Turmin Danya, wanda ake ƙirga shi a matsayin fim ɗin bidiyo na farko a Kano, ya fito ne a 1990. Kusan shekara 20 kafin nan wani ɗan Nijar ya riga ya ɗauki labarin kishiya da auren dole ya kai shi gaban duniya. Shi ne marigayi Umaru Ganda, wanda ake rubuta sunansa Oumarou Ganda.

An haife shi a Yamai a 1935, Bazabarme ne. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka tura shi yaƙin Indocina, can yankin Biyetnam. Da ya dawo gida bai samu aikin yi ba, sai ya yi abin da samarinmu ke yi har gobe: ya tafi ci-rani Abijan, ya kama dako a tashar jiragen ruwa.

A can ne Allah Ya haɗa shi da wani Bafaranshe mai shirya fim, Jean Rouch, wanda ke bincike kan 'yan ci-ranin Nijar. Shi ya sa shi a fim ɗin Moi, un Noir na 1958, inda Ganda ya fito a lebura mai fama da talauci a unguwar Treichville. Fim ɗin ya yi suna a Faransa har ya ci kyauta. Sai dai suna na mai kamara ne, wahala kuwa ta ɗan dako ce, kuma daga baya Ganda ya nuna bai gamsu da yadda aka ba da labarinsa ba.

Da ya komo Yamai sai ya koyi aikin kamara a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, ya shirya nasa, Cabascabo, wanda aka nuna a bikin Cannes a 1969. Labarin tsohon soja ne da ya dawo da kuɗi, abokai da mata da maroƙa suka yi masa ca, kuɗi suka ƙare, kowa ya watse. Mu da muke ganin masu dawowa daga Libiya da Aljeriya, ba sai an fassara mana wannan ba.

Amma wanda ya fi shafar iyayenmu mata shi ne Le Wazzou polygame na 1970. Wani Alhaji ne ya dawo daga Makka, da mata biyu a gida, ya ƙyalla ido kan wata yarinya, Satu, wadda aka riga aka yi wa wani saurayi alkawarinta. Kuɗi suka yi magana, iyaye suka ba shi. Kishi ya ci ɗaya daga cikin matan, ta shirya kisa a daren biki, hannunta ya faɗa kan wadda ba ta ji ba ba ta gani ba. A ganinmu ba addini Ganda ya taɓa ba, masu fakewa da rawani da sunan Alhaji ya taɓa, kuma a wancan zamani yin haka sai mai ƙarfin hali. Da wannan fim ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, shekarar da aka fara ba da ita.

Bai tsaya nan ba, a Saïtane ya tona asirin wani malamin tsibbu da ke haɗa matar aure da mai kuɗi. Na ƙarshensa shi ne L'Exilé a 1980. A finafinansa ne marigayiya Zalika Sule ta ƙara suna, ta kuma sha tsangwama daga mutanen da suka kasa raba wasa da gaskiya, kamar dai yadda ake yi wa 'yan matan fim na yanzu.

Ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1981, da ciwon zuciya, bai kai shekara 50 ba. An sa sunansa a wata babbar cibiyar al'adu a Yamai, kuma FESPACO na ba da kyauta da sunansa ga wanda ya yi fice a fim ɗinsa na farko. Finafinan nasa dai da Zabarmanci da Faransanci aka fi sanin su, kuma in ka je wurin masu tura fim a waya, daga Matamaye har Damagaram, za ka samu fassarar Indiya iri-iri, da wuya ka samu ko ɗaya daga cikin nasa.