Tarihin Magabata: Alhaji Umaru Salaga, Bakanon da Ya Tafi Gwanja da Hausarsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ɗalibai da iyaye masu daraja, Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. To a wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani malami da ya yi fiye da shekara 40 a baƙuwar ƙasa, amma ya riƙe gida da alƙalaminsa. Shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka fi sani da Alhaji Umaru Salaga.

An haife shi a birnin Kano wajen shekarar 1858. Asalin gidansu daga Kabi ne, mahaifinsa kuwa malami ne kuma farke, yana fataucin goro. Umaru ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro, sannan ya shiga neman ilmi a ƙasashen Sakkwato da Gwandu da Kabi. Yana wajen shekara 20 ya rubuta littafi da Larabci kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa. Ku duba fa, shekarunsa a lokacin ba su wuce na yayyenku ba.

A wancan zamani, goron da ake rabawa wajen suna da ɗaurin aure daga Gwanja ake kawo shi, wato arewacin ƙasar Gana ta yau. Ayari kan tashi ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da tufafin Kano da kanwa da fatu, a ƙetare kogin Kwara, a yi wata da watanni kafin a isa Salaga, babbar kasuwar goro, wadda kuma ta yi ƙaurin suna wajen cinikin bayi. Wannan hanya Malam Umaru ya bi, har ya zauna a Salaga yana karantarwa.

A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke kan sarauta, Salaga ta watse, fatake suka bazu. Malam Umaru ya koma Kete-Krachi a bakin kogin Volta, wadda ta faɗa hannun Jamusawa, a can ya zama limami. Ɗalibai suka riƙa zuwa ɗaukar karatu daga nesa, suna gamawa suna komawa zangunansu su buɗe makarantu. Wajen 1913 ya tafi Makka ya sauke farali.

To, ina maganar gida? Ai nan ne girmansa ya fito. Malami ne da ya iya Larabci ƙwarai, yana tsara ƙasidu da shi, amma bai ɗauki Hausa harshen kasuwa kawai ba. Ya yi waƙoƙi da ita cikin ajami, kamar Waƙar Talauci da Wadata, inda ya nuna yadda ake wulaƙanta marar abin hannu, a girmama mai dukiya ko da halinsa bai kai ba. Ya yi waƙa kan zuwan Nasara da yadda suka ci garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Har baitocin Imru'ul Ƙaisi, shahararren mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, ya juya su zuwa Hausa, don a ga cewa harshenmu zai iya ɗaukar abin da manyan harsuna suka ɗauka.

Akwai wani Bajamushe a Kete-Krachi mai suna Adam Mischlich, jami'in mulki ne mai sha'awar Hausa, wanda ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Shi ya roƙi Malam ya rubuta masa labarin ƙasarsu. Malam Umaru ya zauna ya zuba abin da ke kansa a takarda: yadda ake noma, yadda ake saƙa da rini da jima da ƙira, yadda ake ciniki a kasuwa, yadda ake aure da suna, yadda yaro ke fara karatun allo har ya sauke, ga kuma tarihin Kabi da na wasu garuruwa. Yana zaune a bakin Volta, amma sai ka ce yana zagaya kasuwar Kurmi ne yana nuna maka kowane layi.

Allah Ya yi masa rasuwa a Kete-Krachi a 1934. Bayan an gina madatsar ruwa ta Akosombo a shekarun 1960, tafkin Volta ya cinye tsohon garin. Takardunsa kuwa sun tsira. Akwai su a Jami'ar Gana da ke Legon, da kuma ƙasar Jamus. A 1973 wani ɗalibi mai suna Douglas Ferguson ya yi digirin digirgir a Amurka kan bayanin da Malam ya rubuta game da ƙasar Hausa. Masana tarihi suna komawa gare shi idan suna son sanin yadda kakanninmu suka rayu kafin zuwan Turawa.

Ya kai ɗalibi, wannan ajamin da kake gani a shafukan mujallarmu, da irinsa Malam ya yi duk aikin nan, don haka kada ka raina shi. Da yawanmu a nan Babban Mutum da sauran ƙasar Daura muna da 'yan uwa a Ikko ko Kumasi ko Makka, wasu 'ya'yansu ma Hausa ta fara yi musu nauyi a baki. Ka rubuta musu wasiƙa da Hausa. Ka zauna gaban kakarka ka tambaye ta sunayen kakanninku da garin da suka taso da sana'arsu, ka rubuta ka adana. Ku kuma iyaye, idan yaro ya zo da tambaya, a daure a ba shi amsa.

Allah Ya jiƙan Alhaji Umaru, Ya kai haske ƙabarinsa, Ya ba mu ilmi mai amfani. Amin. Wassalamu alaikum.