Eliza Acton: Malamar Da Ta Sa Ma'auni A Girki

Duk wadda ta taɓa buɗe littafin girki a makaranta ta san yadda ake jera kayan haɗi: fulawa kofi kaza, sukari cokali kaza, a gasa minti kaza. To, wannan tsari yana da mai shi, ita ce Eliza Acton, wata Baturiyar Ingila wadda yawancinmu ba mu taɓa jin ko sunanta ba.

An haife ta a shekarar 1799 a garin Battle, ta tashi a Ipswich. Tana da shekara 17 suka buɗe makarantar kwana ta 'yan mata ita da wata abokiyar aikinta, ashe dai malama ce irina. Ba ta cika ƙoshin lafiya ba, har ta je Faransa ta ɗan zauna. A 1826 ta buga littafin waƙoƙi, amma ba waƙa ce ta fito da ita ba. Girki ne.

Kafin zamaninta, littattafan girki kamar koyarwar kakanninmu suke, wato a zuba gari daidai misali, a bar shi a wuta har ya nuna. Gwanar da ta shekara ashirin a murhu ta san misalin. Amarya fa, wadda aka kai ta jiya, ina za ta san shi? Sai ta yi ɓarnar cefane, ga kunya a gaban dangin miji. Eliza ta shekara da shekaru tana gwada girke-girken nan a madafarta, tana awo, tana duba agogo, tana rubutawa. A 1845 kamfanin Longman ya buga littafinta mai suna Modern Cookery for Private Families. A ƙarshen kowane girki ta jera kayan haɗi da nauyinsu da lokacin dahuwa, abin da ba a saba gani ba. Kuma don iyalai masu matsakaicin hali ta rubuta shi, ba don kukun gidan sarauta ba.

Littafin ya karɓu ƙwarai, sai masu kwafa suka yi masa caa. Da aka sake buga shi a 1855 ta koka a gabatarwa cewa ana kwashe mata aiki ba a ko ambaton sunanta. A 1857 ta fitar da wani littafin a kan burodi, inda ta yi tir da masu gidajen burodi da ke zuba alif a fulawa don ta yi fari. Ta rasu a 1859 a Hampstead, cikin London, ba ta taɓa aure ba.

Shekara biyu bayan rasuwarta, Isabella Beeton, wadda mijinta mai buga littattafai ne, ta fitar da nata ƙaton littafin. Ta ɗebi girke-girken Eliza masu yawa, ta mai da jerin kayan haɗi sama, yadda muke gani yau. Ni dai ban ga laifin wannan gyara ba, laifin shi ne ɓoye sunan mai abu. Sunan Beeton ya shiga gida-gida, na Eliza ya dushe.

Sai bayan shekara ɗari wata marubuciyar girki, Elizabeth David, ta tsaya tsayin daka wajen tono sunanta. A 1968 aka tattara zaɓaɓɓun girke-girken Eliza aka sake bugawa, Elizabeth ta rubuta gabatarwar.