Makaho Tom: Bawan da Kunnensa Ya Arzuta Iyayengijinsa

An haifi Thomas Wiggins ran 25 ga watan Mayu na shekarar 1849, a wani gandu da ke jihar Jojiya, a kudancin Amurka. Mahaifinsa Domingo, wanda aka fi sani da Mingo, da mahaifiyarsa Charity bayi ne, saboda haka shi ma cikin bauta aka haife shi, domin a dokar wancan zamani ɗa uwarsa yake bi. Da makanta ya zo duniya. A idon mai gandu kuwa, bawan da ba ya gani baki ne kawai da za a ciyar, tun da ba zai riƙe fartanya ba, ba kuma zai tsinci auduga ba. A shekarar 1850 aka sayar da iyayensa ga James Bethune, wani lauya kuma mai buga jarida a garin Kolambus, sai aka ɗora jaririn a kan cinikin a matsayin gyara. Babu wanda ya zaci cewa wannan gyara ita ce za ta ciyar da gidan Bethune shekara da shekaru.

Tun yana rarrafe aka lura cewa yaron ya bambanta da sauran yara. Magana ta yi masa nauyi, bai iya faɗin abin da yake so da bakinsa ba sai da kuka da jan hannu, amma duk sautin da ya shiga kunnensa sai ya maido da shi daidai. Carar zakara, kukan tsuntsu, zubar ruwa daga indararo, hirar manya da bai san ma'anarta ba, duk yakan kwaikwaye su ba tare da ya yar da komai ba. An ce idan ya rasa abin saurare yakan ja kujera a ƙasa, ko ya bubbuga tukwane, don dai ya ji ƙara. Da yake ba a sa shi aikin komai ba, sai aka bar shi yana yawo a tsakar gida, kuma wannan sakaci shi ne ya kai shi bakin tagar ɗakin da 'ya'yan Bethune mata suke koyon fiyano.

Yana da kamar shekara huɗu ya fara taɓa fiyanon da hannunsa. Mutanen gidan suka ji ana kaɗa abin da 'yan matan suka daɗe suna fama da shi, da aka duba sai ga ɗan makahon bawa ne zaune gaban maɓallai. Bethune mutum ne mai lissafi. Nan da nan ya ba da izini a bar yaron ya riƙa kaɗawa, daga baya ma aka ajiye masa fiyano a ɗakin da yake kwana, inda yakan wuni a kai, wani lokaci har sa'a goma sha biyu. Yana ɗan shekara biyar, bayan wani ruwa mai ƙarfi da aka yi da iska da tsawa, ya ƙirƙiro kiɗansa na farko da aka sani, wanda aka buga daga baya da sunan The Rain Storm, wato hadari. A cikinsa ana jin yayyafi na sauka a kan rufi, sannan iska ta taso, sannan aradu ta faɗi daga ɓangaren hagu na fiyano inda sauti ya fi kauri.

A shekarar 1857, yana da shekara takwas, aka fito da shi gaban jama'a a Kolambus, kuma ba a daɗe ba Bethune ya ba da hayarsa ga wani mai shirya wasanni, Perry Oliver. Shi ne ya zaga da shi garuruwan kudu da sunan Makaho Tom, yana kaɗawa sau uku ko huɗu a rana ɗaya. Tallan da Oliver ya yi masa ba na makaɗi ba ne. Ya nuna shi ne tamkar wata halitta ta ban mamaki, marar hankali, wadda kiɗa ke fita daga jikinta ba da saninta ba. Wannan talla ta yi daidai da abin da masu bayi suke son ji, domin da sun yarda cewa baƙar fata na iya samun irin wannan basira da hankalinsa, da hujjarsu ta bautar da shi ta raunana. A 1860 aka kai shi fadar shugaban ƙasa a Washinton, ya yi wa Shugaba James Buchanan kiɗa, kuma masana tarihi suna lasafta shi a matsayin baƙar fata na farko da aka gayyata don ya yi wasa a wannan fada. Ya shiga yana bawa, ya kuma fito yana bawa.

Abin da yake yi a kan dandamali ya isa a tsaya a kansa. Akan nemi wani makaɗi daga cikin 'yan kallo ya hau ya kaɗa abin da ya ga dama, musamman abin da shi da kansa ya tsara, wanda ba yadda za a yi Tom ya taɓa ji. Da ya gama sai Tom ya zauna ya maimaita, har da wuraren da mutumin ya yi tuntuɓe, abin da yakan sa ɗaki ya kaure da dariya, mai gwajin kuwa ya koma mazauninsa da kunya. Wani lokaci yakan zauna kusa da baƙon, ya riƙa yi masa rakiya a ɓangaren hagu a karon farko da yake jin kiɗan, sannan su sauya wuri ya ɗauki ɓangaren dama. Idan aka danna maɓallai da yawa a tare, ko da ba su dace da juna ba, yakan faɗi sunan kowane sauti ɗaya bayan ɗaya. Yakan kaɗa waƙa ɗaya da hannun dama, wata dabam da hannun hagu, yana rera ta uku da baki, duk a lokaci guda, sannan ya juya wa fiyano baya ya sake yi da hannuwa a juye. Bayan kiɗa kuma yana haddace magana. Jawabin siyasa da ya ji ɗan majalisa Stephen Douglas ya yi, ya yi ta maimaita shi shekaru da yawa, da muryar mai jawabin, har da tsokacin masu ihu daga cikin taro. Haka yake karanto nassoshi cikin harsunan da bai san ko kalma ɗaya ba a cikinsu.

Masu tallansa sun ce ya haddace kaɗe-kaɗe dubu bakwai. Wannan adadi na 'yan kasuwa ne, kuma wasu makaɗan da suka gwada shi sun lura cewa idan kiɗa ya yi tsawo da sarƙaƙiya, maimaicinsa na farko yakan kama gangar jikin kiɗan ne, ba kowane ɗigo ba. Duk da haka abin da ya tabbata ya wadatar. Makahon da bai taɓa ganin rubutun kiɗa ba yana kaɗa ayyukan Bach da Beethoven da Mendelssohn da Chopin da Liszt, waɗanda masu ido kan shafe shekaru suna koyo daga takarda. Da aka kai shi Birtaniya a 1866, manyan makaɗa biyu na lokacin, Ignaz Moscheles da Charles Hallé, sun jarraba shi da kansu, suka kuma rubuta shaidar cewa baiwarsa gaskiya ce.

Akwai abin da masu gidansa suka ɓoye wa jama'a, wato cewa yana da malamai. Tun yana yaro ake ɗauko ƙwararru su kaɗa masa, yana saurare yana ɗauka, kuma daga 1875 ya yi shekaru yana karatu a Niyok wurin wani malami mai suna Joseph Poznanski, wanda ya rubuta masa da yawa daga cikin abubuwan da ya ƙirƙira. An ɓoye wannan ne don labarin makaɗin da bai taɓa koyo ba ya fi kawo kuɗi. Har wasu masu bin addinin kiran ruhohi suka yi ta yaɗa cewa matattu ne ke kaɗawa ta hannunsa. An fi son a ba aljani ko fatalwa yabon da a ba shi. Wasu daga cikin kaɗe-kaɗensa ma da sunayen aro irin na Turawa aka buga su.

Mafi shahara a cikin abin da ya tsara shi ne The Battle of Manassas, wanda ya siffanta yaƙin da aka gwabza ran 21 ga Yuli 1861, a farkon yaƙin basasar Amurka, inda rundunar kudu ta yi nasara. Kiɗan na farawa da ganga da sarewar sojoji daga nesa, rundunonin biyu na matsowa kowacce da takenta, sannan igwa ta fara tashi. Don fitar da ƙarar igwa, Tom yakan daki maɓallai masu yawa a tare da tafin hannu, dabarar da sai a ƙarni na ashirin masu tsara kiɗa irin su Henry Cowell suka mayar da ita abin yayi. Da bakinsa kuma yake yin ƙugin jirgin ƙasan da ya kawo wa 'yan kudu gudummawa, da usur ɗinsa. Abin takaici a nan a fili yake. Bethune na cikin waɗanda suka fi zaƙewa wajen kiran kudu ta ɓalle, kuma a lokacin yaƙin an yi amfani da wasannin Tom wajen tara wa sojojin kudu kuɗi, wato rundunar da ke yaƙi don shi da iyayensa su dawwama cikin bauta. Saboda haka jaridun baƙaƙen fata da yawa suka ja baya da shi, alhali babu wanda ya taɓa tambayarsa ra'ayinsa.

Da Bethune ya hango kudu za ta sha kashi, sai a 1864 ya sa iyayen Tom suka sa hannu a wata yarjejeniya da ta bar masa yaron har ya cika shekara 21, shi ya ɗauki kusan dukkan ribar, su kuwa a ba su abinci da wurin kwana da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A 1865, shekarar da aka soke bauta a Amurka baki ɗaya, wani baƙar fata mai shirya wasanni, Tabbs Gross, ya kai ƙara a birnin Sinsinati yana neman a ba shi Tom, kotu ta bar shi a hannun Bethune. Da wa'adin yarjejeniyar ya cika a 1870, sai aka je wata kotu a jihar Bajiniya, ta yanke cewa Tom ba shi da hankalin da zai riƙe kansa, ta naɗa John, ɗan Bethune, ya zama waliyyinsa. Ta haka aka sauya wa bautar suna, aka ci gaba da ita. Wata takwas ko tara a kowace shekara yana kan hanya, daga jirgi zuwa otal, daga otal zuwa dandamali, kuɗin kuwa suna tafiya ga dawakin sukuwa da John yake kiwo.

Gaskiya ne cewa Tom na bukatar mai kula da shi. Yakan yi maganar kansa kamar yana maganar wani, yakan tsaya da ƙafa ɗaya yana juyi yayin da yake saurare, kuma idan ya gama kiɗa shi ke fara tafa wa kansa. Marubuci Mark Twain, wanda ya gamu da shi a jirgin ƙasa ya kuma halarci wasanninsa, ya bayyana yadda yake kwaikwayon kowace ƙara ta jirgin cikin murna. A zamaninsa ba a san sunan wannan hali ba. Likitocin baya, ciki har da Oliver Sacks, sun karanta bayanan waɗanda suka gan shi, suka ga sun yi kama da larurar da ake kira otizim, wadda a wasu mutane ƙalilan takan zo tare da baiwa mai ƙarfi a fanni guda. Amma bukatar mai kula dabam, mallaka dabam, kuma babu wata kotu da ta tilasta a ajiye masa rabonsa yadda ya kamata.

A 1884 John Bethune ya mutu a hatsarin jirgin ƙasa. Matarsa Eliza, wadda suka riga suka ɓata, ta tarar ya cire ta daga wasiyyarsa, sai ta nemo Charity daga Jojiya, ta lallashe ta su haɗa kai su karɓo Tom daga tsohon Bethune. Shari'a ta ɗauki shekara uku. A 1887 kotun tarayya ta ba da umarni a miƙa shi, jaridu suka yi ta kiransa bawa na ƙarshe a Amurka. Charity ta ɗauka za ta zauna da ɗanta bayan doguwar rabuwa, amma da Eliza ta sami abin da take so, sai tsohuwar ta koma kudu ita kaɗai. Ta rasu a 1902. Tom kuwa ya ci gaba da yawon kiɗa, riba na shiga aljihun Eliza, har sai da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi a ƙarshen 1904, ya daina fita.

Sauran kwanakinsa ya yi su ne a wani gida a garin Hoboken na jihar Niyu Jazi, ba a barin baƙi su gan shi, sai dai maƙwabta su ji fiyano na tashi dare da rana. Ya rasu a watan Yuni na 1908, yana da shekara 59, aka binne shi a maƙabartar Evergreens da ke Burukilin, a kabarin da ba a sa wa suna ba. Babu faifan da ya ɗauki kiɗansa, ko da yake na'urar ɗaukar sauti ta riga ta samu a lokacin. Abin da ya rage shi ne takardun da wasu suka rubuta daga hannunsa. Daga cikinsu ne makaɗin fiyano John Davis ya zaɓi wasu ya naɗa a faifai a 1999, kuma a 2002 aka kafa dutse mai ɗauke da sunansa a kan kabarin.