Djibo Bakary: ɗan majalisar Tahoua da ya ce a'a ga De Gaulle

A zaɓen ranar 31 ga watan Maris 1957, jama'ar Tahoua, daga cikin birni har ƙauyukan arewacin Adar irin su Tebaram, sun tura wa majalisar Yamai wakilin da ba a ƙasarsu aka haife shi ba. Sunansa Djibo Bakary, Bazabarme ne, amma a hannunsu ya tashi.

An haifi Djibo a 1922 a Soudouré, kusa da Yamai, garin da aka haifi ɗan uwansa Diori Hamani. Tun yana yaro wani kawunsa ya kawo shi Tahoua ya sa shi lakwal. A nan Hausa ta zauna masa a baki, kuma da ita ya yi wa talakawa magana daga baya ba tare da tafinta ba. Ya yi karatun malanta a makarantar William Ponty ta Senegal, ya dawo ya koyar a Birnin Konni da Agadez.

Siyasa ta raba shi da alli. Ya shiga jam'iyyar PPN da aka kafa a 1946, reshen RDA a Nijar, har ya zama sakatarenta. Da shugabannin RDA suka raba gari da jam'iyyar kwaminis ta Faransa a 1950 don su sasanta da masu mulkin mallaka, Diori ya bi su, Djibo ya ƙi. Ya koma noman lambu a gefen Yamai da aikin sandika, yana haɗa kan lebura da direbobi da masu ƙananan sana'o'i. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN, wadda jama'a suka fi sani da kirarinta, Sawaba.

Ƙuri'ar talakan birni kaɗai ba ta isa cin zaɓe a ƙasar da yawancin mutanenta ke karkara ƙarƙashin sarakuna ba. Don haka a 1956 ya haɗa kai da jam'iyyar BNA ta su Georges Condat da Issoufou Saïdou Djermakoye, wadda sarakuna ke mara wa baya. A ƙarshen shekarar ya zama zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko. A zaɓen 1957 ƙawancen ya samu kujeru 41 cikin 60, PPN ta samu 19. A watan Mayu ɗan majalisar Tahoua ya zama mataimakin shugaban majalisar gwamnati, wato ɗan ƙasa na farko da ya jagoranci ministocin Nijar, ko da yake gwamna Bafaranshe na bisa kansa.

Wannan ƙawance bai yi ƙarko ba. Gwamnatinsa ta tuɓe wasu sarakuna, sauran kuma suka fara tsoron makomar rawunansu. Ana cikin haka Janar De Gaulle ya kira ƙuri'ar raba gardama ta ranar 28 ga watan Satumba 1958: ko ƙasa ta amince ta zauna cikin tarayya da Faransa, ko ta ƙi ta karɓi 'yancinta nan take. Djibo ya zaɓi a'a, kamar Sékou Touré na Gini.

Faransa ba ta shirya rasa Nijar ba, ƙasar da ke iyaka da Aljeriya inda take yaƙi a lokacin. Ta aiko da sabon gwamna, Don Jean Colombani, aka tsananta wa 'yan Sawaba, sarakuna da abokan ƙawancen BNA suka juya wa Djibo baya. Sakamakon da aka bayyana ya ba masu amincewa kusan kashi 78 cikin 100, alhali waɗanda suka fita zaɓen ba su kai kashi 40 cikin 100 ba. Djibo ya yi murabus a watan Oktoba. A zaɓen Disamba Sawaba ta tsira da kujeru kaɗan, su ma daga baya aka raba ta da su, Diori ya karɓi gwamnati. A watan Oktoba 1959 aka haramta jam'iyyar.

Ranar 3 ga watan Agusta 1960 Nijar ta samu 'yancin da ya nema, shi kuwa yana gudun hijira. Ya zauna a Mali da Ghana da Gini. Daga waje ne Sawaba ta ɗauki makami a 1964, yunƙurin ya ci tura, aka kashe wasu magoya bayanta, aka ɗaure da yawa. Har yau wannan babi na raba kan masu tuna shi.

Ya dawo gida bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 1974, amma a 1975 aka kama shi bisa zargin shirya juyin mulki, ya yi shekaru a tsare. Da siyasar jam'iyyu ta dawo, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993, bai samu ko kashi 2 cikin 100 ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga watan Afrilu 1998. Kujerar da Tahoua ta ba shi bai cika shekara biyu a kanta ba.