Taƙaitaccen Tarihin Amy Johnson, Matuƙiyar Jirgin Sama (1903-1941)

An haifi Amy Johnson ran 1 ga watan Yuli, 1903, a birnin Hull da ke gabashin Ingila. Mahaifinta attajiri ne mai fataucin kifi. Ta yi karatu a Jami'ar Sheffield, inda ta sami digiri a fannin tattalin arziki, sa'an nan ta koma Landan ta kama aikin sakatariya a ofishin wani lauya. Babu wani abu cikin wannan tashi nata da ke nuna cewa sararin samaniya ne zai zama wurin neman abincinta.

A watan Satumba na 1928 ta fara koyon tuƙi a kulob ɗin matuƙa na Landan da ke filin Stag Lane, inda ake biyan sule talatin kowace awa. Jirgin koyon kuwa ƙarami ne, ana ce masa Moth, an yi shi da katako da ƙyalle, ba shi da rufi. Malami da ɗalibi kowa da gurbinsa, kuma ta wani bututu da ke haɗe da hular kwano suke magana. Ran farko hular da aka ara mata ta yi mata yawa, ƙarar inji ta hana ta jin bayanin malam, shi kuwa ya ɗauka rashin fahimta ne, har ya yanke mata ƙauna.

Tashi bai ba ta wahala ba. Sauka ce ta zame mata ƙarfen ƙafa. Dalili kuwa shi ne, mai sauka dole ya auna tazarar da ke tsakaninsa da ƙasa da idonsa, ya rage gudu, ya ɗaga hancin jirgi daidai lokacin da ya kamata. In ya yi gaggawa jirgin ya faɗo da ƙarfi, in ya makara ya daki ƙasa ya yi tsalle. Ga hunturun Ingila da hazonsa, wanda kan sa a yi makonni ba a tashi ba. Sai da ta shafe wajen awa goma sha shida tare da malami, abin da ya zarce na yawancin ɗalibai, kafin ran 9 ga Yuni, 1929, aka bar ta ta tashi ita kaɗai. Wannan rana ita ce mizanin kowane ɗalibi, domin gurbin malam fayau yake, jirgin ya yi sauƙi, kuskure kuma ba mai gyara shi. Ta kewaya filin ta sauka lafiya, ba da jimawa ba ta karɓi lasisi.

Abin da ya bambanta ta da sauran ɗalibai, wanda masu ba da labarinta kan yi saurin wucewa, shi ne zamanta a garejin jiragen. Ta liƙe wa babban makaniki Jack Humphreys, tana kwance inji tana ɗaurawa, har a Disamba 1929 ta zama mace ta farko da ta sami lasisin injiniyan jirgi a Biritaniya.

Wannan ilmi shi ya fisshe ta. Ran 5 ga Mayu, 1930, ta tashi daga Croydon cikin jirginta mai suna Jason, wanda mahaifinta da Lord Wakefield suka taimaka aka saya, ta nufi Ostareliya, alhali tafiya mafi nisa da ta taɓa yi ita ce daga Landan zuwa Hull. Ta isa Karachi cikin kwana shida. Kowane zango ita ke duba injinta bayan gajiyar yini. Matsalar sauka dai ba ta rabu da ita ba, don kusa da Rangun jirgin ya faɗa rami ya lalace, aka gyara. Ta sauka Darwin ran 24 ga Mayu, bayan mil kusan 11,000, mace ta farko da ta yi wannan tafiya ita kaɗai.

Ta auri matuƙi Jim Mollison a 1932, suka rabu a 1938. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ta shiga aikin kai jiragen soja daga wannan fili zuwa wancan. Ran 5 ga Janairu, 1941, cikin mummunan yanayi, ta ɓace hanya, ta diro da laima a bakin kogin Thames. Kwamandan wani jirgin ruwa, Walter Fletcher, ya faɗa ruwan sanyi don ceto, shi ma ya rasa ransa. Ba a ga gawarta ba.