Waiwaye: Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa da ya sa rana aiki

Duk ɗan Gazawa da ya yi karatun jami'a a Yamai ya san sunan Abdou Moumouni, tunda shi ne a rubuce kan takardar shaidarsa. Sai dai ba kowa ya san cewa a nan maƙwabta aka haife shi ba, a Tasawa, ranar 26 ga Yunin 1929.

Karatu ya kai shi makarantar William Ponty a Senegal, daga nan sai Paris. A 1956 ya ci jarrabawar agregasiyo a fannin fiziks, wadda ke cikin mafi tsauri ga malamai a Faransa, kuma shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya ci ta a wannan fanni. Da ya ga dama da ya yi zamansa a Turai. Sai ya dawo ya ɗauki alli a Dakar. Bayan Gini ta ce wa De Gaulle a'a a 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta, yana cikin waɗanda suka tafi Konakri koyarwa.

Abin da ya fi damunsa shi ne boko da bai san ƙasar da yake cikinta ba. A littafinsa L'Éducation en Afrique na 1964 ya caccaki makarantar mulkin mallaka, wadda ke ƙera akawu da tafinta, ya kuma nemi a koyar da yara cikin harsunansu. Shekara sittin ke nan, har yau ba a gama wannan gardama ba.

Bai tsaya ga rubutu ba. Ya ƙaro sani kan makamashin rana a Tarayyar Sobiyet, ya jagoranci ɗakin binciken hasken rana a Bamako, sannan a 1969 ya dawo gida ya karɓi ragamar hukumar ONERSOL. A can aka riƙa ƙera na'urorin ɗumama ruwa da murhun girki masu aiki da zafin rana, a Yamai, da hannun 'yan ƙasa. Matar da ke yini a daji neman icen girki ba ta bukatar a yi mata bayanin amfanin wannan.

Ya zama shugaban jami'ar Yamai a 1979, bai kuma rabu da aji ba har rasuwarsa ranar 7 ga Afrilun 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunansa.

Suna dai an ba shi. Aikin ne ba a riƙe da kyau ba. Faifan solar da ke cajin wayoyi a kasuwanninmu yawanci daga Sin ake shigo da su. Da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 2023, birane sun kwana cikin duhu, kuma a shekarar ce tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a gefen Yamai, shekara 32 bayan rasuwarsa.